Darasi: Zaman Haya da Ƙa'idar Tashin Ɗan Haya

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bambance ire-iren haya da tsawon notis ɗin kowacce;
2. lissafa ranar da ya kamata a ba da notis da ranar da zai cika;
3. faɗin matakan da mai gida zai bi kafin gidansa ya dawo hannunsa;
4. gane abin da doka ta hana mai gida, da nauyin da ta ɗora wa ɗan haya;
5. sanin inda zai kai kukansa idan rigima ta taso.

Haya a yankinmu

A ƙaramar hukumar Buji ta Jihar Jigawa yawancin mutane a gidajen gado suke zaune, ko a gidan da suka gina da guminsu. Duk da haka haya ta shigo mana ta hanyoyi da dama. Malamin makaranta da aka turo Gantsa yana neman ɗaki. Haka ma'aikaciyar asibiti, da masu yi wa ƙasa hidima, da tela ko mai cajin waya da ke neman shago a bakin kasuwa. 'Ya'yanmu kuma na Kawaya da Ahoto da Kukuma da suka tafi karatu ko neman kuɗi, haya suke kamawa a Birnin Kudu, a Dutse ko a Kano. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991 buƙatar gidaje take ƙaruwa, buɗe Jami'ar Tarayya a 2011 kuma ya ƙara mata ƙarfi. Wanda ya taɓa neman ɗaki a unguwar Takur ko Ɗanmasara a Dutse ya san haka.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Mai gida da ɗan haya za su iya saɓawa, kuma idan suka saɓa, akwai tsarin da doka ta shimfiɗa. Gida na mai gida ne, babu mai ja da wannan. Amma daga ranar da ya karɓi kuɗi ya miƙa mukulli, ba shi da ikon fitar da mutum da hannunsa. Kotu ce kaɗai ke fitarwa. Shi ma ɗan haya ba a ba shi damar zama a kyauta ba.

> Akwatin ma'ana
> Haya: yarjejeniyar da mai abu ke ba wani damar amfani da abinsa na wani lokaci sananne, a kan kuɗi sananne. Malaman fiƙihu suna kiranta *ijara* ko *kira'i*.
> Mai gida: mamallakin gida ko shago, ko wakilin da ya naɗa.
> Ɗan haya: wanda ya shiga da izini kuma yake biyan kuɗin zama.
> Aro: zaman da aka ba mutum don zumunci ko taimako, ba tare da biyan kuɗi ba. Mai zaman aro ba shi da dukkan kariyar da ɗan haya yake da ita.

Ranar shiga

Yawancin rigimar da ake yi ranar fita, tun ranar shiga aka shuka ta. An yi ciniki da baki a ƙofar gida, dillali ya karɓi la'adarsa ya wuce, ba a rubuta komai ba. Bayan shekara biyu mai gida ya ce haya ta fara da watan Janairu, ɗan haya ya ce a'a, sai Maris ya tare. Dillalin ma ya manta.

Yarjejeniyar baka tana aiki a gaban alƙali, amma tabbatar da ita wahala ne. Mutane da yawa suna jin nauyin cewa a rubuta, suna ganin kamar rashin yarda ne. Wannan kunya ba ta da amfani ga kowa. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma Musulmi aka yi wa umarnin a tsakaninsu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, sharaɗin ingancin haya shi ne a san kuɗin, a san amfanin da za a yi, a san lokacin.

Ba sai an je wurin lauya ba kafin a rubuta hayar ɗaki ɗaya. Takardar littafin makaranta ta isa, da boko ko da ajami, muddin ta ƙunshi sunayen mutanen biyu, wurin da ɗakin yake, kuɗin haya da yadda za a riƙa biya, ranar farawa, wanda zai yi gyara, wanda zai biya kuɗin wutar KEDCO da na kwashe masai, da tsawon notis idan za a rabu. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa nasu, a yi kwafi biyu. Duk biyan da aka yi kuma a karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da watannin da aka biya wa. Wanda ya tura kuɗi ta waya ko ta mai POS ya adana shaidar. Ƙaramar takardar POS takan goge cikin 'yan watanni, don haka a ɗauki hotonta tun tana sabuwa.

Notis

A Najeriya kowace jiha da dokarta ta haya, shi ya sa abin da aka ji a rediyo game da Legas ba lallai ya shafe mu ba. Misali, dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma iyakarta Legas. Sai dai a batun tsawon notis akwai ma'aunin da kotunan ƙasar nan suka daɗe suna bi idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba:

- mai biya mako-mako: notis na mako ɗaya;
- mai biya wata-wata: notis na wata ɗaya;
- mai biya duk wata uku: notis na wata uku;
- mai biya shekara-shekara: notis na wata shida.

A lura da sharaɗin. Idan mutanen biyu sun rubuta cewa notis na wata uku ya isa a hayar shekara, to abin da suka rubuta za a bi. Idan kuma ba a san irin hayar ba, alƙali yakan duba yadda aka saba biya da karɓa.

> Akwatin ma'ana
> Notis ɗin tashi: takardar da ke sanar da ɗan haya ranar da hayarsa za ta ƙare.
> Notis na kwana 7: takarda ta biyu da ake bayarwa bayan haya ta ƙare mutum bai fita ba, mai sanar da shi cewa mai gida zai je kotu neman gidansa.
> Haya mai wa'adi: wadda tun farko aka yanka mata ranar farawa da ranar ƙarewa, ba tare da sabuntawa ba.

Misali na 1. A ɗauka wani malamin firamare yana hayar ɗaki ciki da falo a Gantsa. Yana biyan Naira 60,000 duk shekara, kuma shekararsa tana farawa 1 ga Janairu ta ƙare 31 ga Disamba. Mai gida yana son ɗakin don zai yi wa ɗansa aure. A watan Oktoba ya tare shi bayan sallar Magariba ya ce: "Malam, ka yi haƙuri, ƙarshen shekara za ka ba mu wurin." Malamin ya ce: "To Alhaji, Allah ya sa albarka a auren, amma lokacin ya yi mini kaɗan, ga iyali ga makaranta."

Malamin yana da gaskiya. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba bai kai wata uku ba, alhali wata shida ne haƙƙinsa, kuma maganar baka ce. Da Alhaji ya so ɗakin ya dawo masa a 31 ga Disamba, sai ya ba da notis a rubuce kafin watan Yuni ya fita, domin Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba su cika cif. Tsohuwar ƙa'idar da kotuna suka kafa ita ce notis ɗin hayar shekara ya cika daidai da ƙarshen shekarar hayar, don haka wanda ya makara yana iya jawo wa kansa jira mai tsawo. Abin da ya rage wa Alhaji a nan shi ne sulhu: ya roƙi malamin, ya taya shi neman wani ɗaki, su daidaita a kan rana, su rubuta.

Misali na 2. Wani tela yana biyan Naira 4,000 duk ranar 1 ga wata a shagonsa. Mai shago yana son ya tashi a ƙarshen Afrilu. Dole takardar ta isa hannun telan kafin Maris ya ƙare, yadda watan Afrilu zai zama cikakken wata ɗaya. Idan sai 10 ga Afrilu aka ba shi, to sai dai a sa masa ƙarshen Mayu.

Misali na 3. Wata ɗaliba ta kama ɗaki a Dutse, takarda ta ce daga 1 ga Fabrairu zuwa 31 ga Janairu na shekara mai zuwa, babu sabuntawa. Wannan haya mai wa'adi ce. Ranar ƙarewa tana rubuce tun farko, saboda haka ba a buƙatar notis na wata shida. Idan ranar ta zo ba ta fita ba, notis na kwana 7 kaɗai za a ba ta kafin a je kotu.

Kwana bakwan nan cikakku ake nufi: ba a ƙirga ranar da aka miƙa takardar, ba a ƙirga ranar da aka shigar da ƙara. Idan an miƙa ranar Litinin 3 ga wata, a ƙirga daga 4 zuwa 10, a je kotu daga 11. Idan lauya ko wakili ne zai sa hannu a madadin mai gida, ya zama yana riƙe da izinin mai gidan a rubuce. Notis kuma ya ƙunshi sunan ɗan haya, bayanin gidan, irin hayar da ranar da ake so ya fita. A miƙa masa hannu da hannu a gaban shaida, ya sa hannu a kwafi. Cusa takarda ta ƙarƙashin ƙyaure da dare yana buɗe ƙofar musu.

Wasu 'yan haya sukan maƙale wa kuskuren lissafin rana don shari'a ta yi ta ja shekara da shekaru suna zaune. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta soki wannan ɗabi'a, ta nuna cewa sammacin kotu da ya isa ga ɗan haya shi kansa sanarwa ne da zai iya gyara kuskuren notis. Lauyoyi suna ta muhawara a kan iyakar wannan magana. Saboda haka mai gida ya yi lissafinsa daidai, ɗan haya kuma kada ya ɗora dukkan fatansa a kan kuskuren takarda.

A gaban alƙali

Idan notis biyun sun cika mutum bai fita ba, mai gida ya shigar da ƙara. Irin wannan ƙara takan je kotun majistare, ko Babbar Kotun Jiha idan kuɗin da ake nema suna da yawa. Musulmi da dama kuma kotun shari'ar Musulunci suke kai rigimar haya. Kotu za ta aika wa ɗan haya sammaci. Kada ya ƙi karɓa, kada ya ƙi zuwa, domin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba shi damar a saurare shi, amma wanda aka kira ya ƙi zuwa ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Ya tafi da yarjejeniyarsa da rasitansa da shaidunsa.

Alƙali yana iya ba da umarnin a fita nan take ko ya yanka wa'adi, ya kuma sa a biya bashin haya da kuɗin kwanakin da aka zauna bayan haya ta ƙare. Idan wa'adin kotu ya cika, ma'aikatan kotu ne za su zo da takardar umarni su fitar da kaya, 'yan sanda kuma su raka su don kiyaye zaman lafiya. Wanda hukunci bai gamsar da shi ba yana da damar ɗaukaka ƙara.

Abin da aka hana mai gida

Mun sha gani ko ji. Mai gida ya fusata, ya kira kafinta ya ɓamɓare kwanon ɗaki ana tsakiyar damina. Ko ya cire ƙyaure, ya bar matar aure da labule kawai tsakaninta da tsakar gida. Ko ya ɗana wa ƙofa sabon kwaɗo mutum yana wurin aiki, ko ya yanke wuta, ya rufe rijiya da ban ɗaki, ko ya tara samari su watso tabarmi da tukwane waje yara suna kallo. Duk wannan ɗaukar doka a hannu ne, ko da kuwa ana bin mutumin bashin shekara biyu. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Ihenacho da Uzochukwu a 1997 cewa mai gidan da ya fitar da ɗan haya da ƙarfi ba tare da umarnin kotu ba ya keta masa haddi, kuma diyya tana iya hawa kansa. Fasa kaya, kutsawa ɗaki da tsoratarwa kuma laifuka ne da ake gurfanar da mutum a kansu. Sai ka ga wanda yake bin bashi ya koma shi ake bi.

Wannan ƙa'ida ba ta bar gwamnati ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a rigimar gwamnatin mulkin soja ta Jihar Legas da Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu a kan wani gida a Ikoyi. Shari'a tana gaban kotu gwamnati ta tura 'yan sanda masu makamai suka fitar da shi. Kotun ta yi tir da wannan aiki, ta ƙi biya wa gwamnati buƙatarta alhali ba ta bi umarnin mayar da shi gidan ba. Abin da aka hana gwamnan soja ba za a halatta wa mai ɗaki uku ba.

Haka nan ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar kuɗin haya ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa bashi. Inda 'yan sanda ke da hurumi shi ne idan an yi duka, ɓarna ko barazana, ko daga wane ɓangare.

Ƙarin kuɗin haya ma ba a yin sa da ƙarfi a tsakiyar wa'adin da aka riga aka biya. Mai gida ya sanar da wuri cewa sabuwar shekara za ta zo da sabon farashi. Idan ɗan haya bai amince ba, hanyar da ta rage ita ce notis.

Nauyin ɗan haya

Kariyar nan ba lasisin cin zali ba ce. Sau da yawa mai gidan ba attajiri ba ne. Tsoho ne mai jiran fansho, ko bazawara mai riƙon marayu da kuɗin ɗakuna biyu. Ɗan haya ya biya a kan lokaci. Idan abu ya cije, ya je da kansa ya yi bayani tun kafin a zo nema, ya faɗi ranar da zai iya. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta kwaɗaitar da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, amma mai hali da yake taurin bashi ba ya cikin waɗanda ake nufi. Kada ya sa wani a ɗakin ya riƙa karɓar haya ba da izini ba, kada ya mai da ɗakin kwana wurin ajiyar fetur ko injin niƙa, kada ya fasa bango sai an yarda. Shi ma idan zai tashi ya sanar da wuri, ya miƙa mukulli hannu da hannu a gaban shaida.

Batun gyara yana da muhimmanci a wurinmu saboda gidajen ƙasa. Ruwan saman Agustan 2024 ya rusa gidaje a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa, har da Buji. Babban gyara kamar rufi, katanga da ramin masai yakan zama na mai gida, ƙananan abubuwa kamar ƙwan fitila, sakata da share magudana na mai zama, sai in an rubuta wani abu dabam. A fiƙihun Malikiyya ɗan haya amintacce ne: ba ya biyan abin da ya lalace da kansa ko da ruwan sama, sai wanda ya ɓata da ganganci ko sakaci. Idan ya ga indararo ya toshe ko bango ya fara tsagewa ya yi shiru har ya faɗi, to ya shiga sakaci. Wanda zai yi gyara da kuɗinsa don a cire masa a haya, ya nemi yardar mai gida a rubuce kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya.

Idan an sayar da gida ko an yi rasuwa

Sayar da gida ba ya kashe hayar da ke kansa. Wanda ya saya ya gaji yarjejeniyar, idan yana son wurin sai ya bi hanyar notis. Rasuwar mai gida ko ta ɗan haya ma ba ta warware haya mai wa'adi a mazhabar Malikiyya; batun rasuwar ɗan haya ya zo a *Risala* ta Ibn Abi Zaid. Magada ba su da ikon korar mutum washegarin sadakar uku don za a raba gado, haka kuma matar da mijinta ya rasu ya bar sauran wata biyar da ya biya, ita da 'ya'yanta suna da haƙƙin cinye watannin.

Inda za a kai kuka

A fara da gida: shaidun da suka sa hannu, limamin unguwa, mai unguwa, dagaci, har zuwa hakimi. Buji tana ƙarƙashin masarautar Dutse, inda sulhu a gaban masu sarauta ya daɗe yana kashe rigingimu ba tare da kashe kuɗi ba. Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi: nawa za a biya, yaushe, wace rana za a fita. A sani dai mai unguwa mai sulhu ne, ba shi da ikon sa a fitar da kayan kowa. Wanda sulhu ya gagara kuma ba shi da kuɗin lauya, ya nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa da ke Dutse, ko ya je wurin magatakardan kotu mafi kusa ya tambayi takardun da dokar jiharmu ta tanada da kuɗin shigar da ƙara, ya kuma karɓi rasit a kan duk abin da ya biya.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin haya da aro?
2. Kawo abubuwa biyar da ya kamata yarjejeniyar haya ta ƙunsa.
3. Wata nawa ne notis ɗin mai biya shekara-shekara idan ba a rubuta wani abu dabam ba? Na mai biya wata-wata fa?
4. Hayar wata ma'aikaciyar asibiti tana farawa 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris, kuma shekara-shekara take biya. Kafin wane wata ya fita ya kamata a miƙa mata notis?
5. An ba wani notis na kwana 7 ranar 12 ga wata. Daga wace rana mai gida zai iya shigar da ƙara?
6. Maƙwabcinka yana bin ɗan hayarsa kuɗin wata takwas, ya ce gobe zai cire masa ƙyaure. Wace shawara za ka ba shi, kuma da wane dalili?
7. An sayar da gidan da kike haya saura wata huɗu kuɗinki su ƙare, sabon mai gida ya ce ki fita cikin mako biyu. Me za ki ce masa, kuma ina za ki fara zuwa?
8. Aikin aji: ku rabu biyu-biyu, ɗaya mai shago ɗaya ɗan haya. Ku rubuta yarjejeniyar hayar shago ta shekara ɗaya, ku karanta wa aji, sauran ɗalibai su nuna abin da kuka manta.